Tare Mai Gudu a Madden: Nazarin Wata Al'adar Tsaro

A watan Agustan 2003 kamfanin EA Sports ya fitar da Madden NFL 2004, gem ɗin ƙwallon Amurka da yake sabuntawa duk shekara, da hoton Michael Vick na ƙungiyar Atlanta Falcons a bangonsa. Vick kwatabak ne, wato mutumin da ake miƙa wa ƙwallo a farkon kowane tashi domin ya jefa ta ko ya danƙa wa wani. Mafi yawan masu wannan matsayi a lokacin tsayawa suke yi a bayan ƙattai biyar su yi jifa. Shi kuwa Vick, a cikin gem ɗin an ba shi maki 95 a gudu. Sai ya zama mai riƙe da hannun gem ba ya buƙatar sanin komai. Ya ɗan ja da baya, ya kewaya ta gefe, kafin masu tsaro su ankara ya cinye rabin fili. Abin ya kai har abokai suna kafa doka a tsakaninsu cewa ba mai ɗaukar Falcons. Tun daga nan tambayar yadda za a tare ƙungiya mai gudu ta zama babbar tambayar masu buga Madden, kuma har yau ba ta kwanta ba.

Ga wanda ya saba da ƙwallon ƙafa irin tamu, sai an ɗan yi bayani kafin a ga girman matsalar. Kowane ɓangare mutum 11 ne. Tsawon fili yadi 100, faɗinsa yadi 53 da ɗoriya. Masu kai hari suna da dama huɗu su ci yadi 10. In sun ci a sake ba su huɗu, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya buga FIFA ya san cewa in an tasa maka ɗan gaba mai gudu, kana da dokar satar gida da za ka fake da ita, ka turo 'yan baya gaba ka bar shi a tarko. A ƙwallon Amurka wannan kariyar babu ita. Da zarar an ɗaga ƙwallo daga ƙasa, mai cafka yana da 'yancin ya wuce kowa ya jira ta a can baya. Taki ɗaya ya ba ka, maki shida sun tafi.

Ba Vick ne farau ba. Masu dogon tarihi a harkar suna tuna Bo Jackson na Raiders a Tecmo Bowl da Tecmo Super Bowl ta 1991, wanda ake iya gudu da shi baya da gaba ana cinye lokaci ba wanda ya taɓa shi. Amma a Tecmo dabarun kaɗan ne, tsaro kusan canki-canka ne: in ka dace da abin da abokin karawarka ya zaɓa ka murƙushe shi, in ba ka dace ba sai haƙuri. Vick ne ya tilasta wa masu ƙera gem suka ba mai tsaro kayan aiki na gaske. Shekarar da ta biyo baya, Madden NFL 2005 ta fito da Ray Lewis na Baltimore Ravens a bango, mai tsaro zalla, tare da Hit Stick, wata dabarar bangaza da sandar dama. Ita ce ta yi suna saboda ƙarar karo tana faranta rai. A ganina kuwa abin da ya fi ta muhimmanci nesa ba kusa ba shi ne damar da aka bayar ta sauya aikin mai tsaro ɗaya kafin a tashi wasa: wannan ya zuba wa kwatabak ido, wancan ya koma baya, ɗayan ya tsare gefe. Daga nan tsaro ya koma aikin tunani.

Tushen al'adar abu ɗaya ne. Gudu ba ya amfani sai da fili da kuma lokaci. Mai cafka yana buƙatar daƙiƙa uku zuwa huɗu kafin ya yi nisan da gudunsa zai raba shi da mai binsa, kuma yana buƙatar wuri a gabansa da babu kowa. Mai tsaro ba zai taɓa ƙara wa ɗan wasansa maki ko ɗaya a tsakiyar wasa ba. Abin da ke hannunsa shi ne ya rage filin ko ya rage lokacin, kuma kusan duk wannan aikin ana gama shi ne kafin ƙwallo ta motsa.

A duba abin da ke faruwa da sabon shiga. Abokin karawarsa ya ɗauki Miami Dolphins ta 2023, ƙungiyar da ta zura wa Denver Broncos maki 70 a zahiri a watan Satumbar shekarar. Tyreek Hill a hagu, Jaylen Waddle a dama, Raheem Mostert a baya. Zuciya ta ce masa ya matsa musu, sai ya zaɓi tsaron mutum-da-mutum, ya manna mai tsaron gefe a hancin Hill, ya tura mutum shida su ruga kan kwatabak. An tashi. Mai tsaron gefe ya kai hannu zai dafe Hill a bakin layi, ya kuskure. Daga nan kallo ya koma sama, ƙwallo na lilo, Hill na gaba da yadi biyar, ba kowa tsakaninsa da gidan maki. A tashi na gaba fushi zai sa ya ƙara mutum na bakwai a farmaki, a sake yi masa irinta. Wannan kuskure ba na yatsu ba ne. Ya shiga tseren da lissafin gem ya riga ya yanke tun kafin a kunna na'ura.

Gogagge yana farawa ne da abin da zai yarda ya rasa. Ya ja masu tsaron gefe baya kamar yadi bakwai ko takwas, ya umarce su su fifita sama, ya ajiye sefti biyu, wato masu tsaron can baya, kowanne da rabin fili. Daga nan sai zaɓin tsarin yanki, kuma kowane tsari da ɓarakarsa. Cover 2 tana ajiye mutum biyu a baya, amma akwai rami a bakin layin gefe tsakanin mai tsaron gefe da sefti, da wani a tsakiya can ciki. Wannan ramin na tsakiya ne Tony Dungy da Monte Kiffin suka toshe a Tampa Bay da tsarin da ake kira Tampa 2, inda mai tsaron tsakiya ke rugawa baya ya zama na uku. Cover 3 tana raba baya gida uku, tana da ƙarfi a kan masu gudu da ƙwallo saboda sefti ɗaya ya sauko, sai dai in aka sako masu cafka huɗu a miƙe, uku ba su isa tare huɗu ba, kuma da ƙungiya mai gudu wannan lissafin ba ya ɗaukar lokaci. Cover 4 tana ajiye huɗu a baya, ita ce rumfa mafi faɗi, amma ta bar gajeren fili a buɗe, duk mai haƙuri zai riƙa tsinkar yadi biyar-biyar. Gwani ba ya auren ɗaya. Yana nuna fuska ɗaya kafin tashi, sefti biyu a sama, sannan ya sauya abin da ke ƙarƙashinta, domin abokin karawa ya ɓata rabin daƙiƙa yana karatu.

Ba a cikin gem aka ƙirƙiro wannan ba, kuma akwai misali na zahiri da ya kamata duk mai buga Madden ya sani. A watan Nuwamban 2020 Kansas City Chiefs ta je gidan Tampa Bay Buccaneers. Buccaneers suka bar Carlton Davis shi kaɗai da Tyreek Hill, wanda a lokacin yake Kansas City. A zangon farko kaɗai Hill ya ci yadi 203, ya gama wasan da 269, ya shiga gidan maki sau uku, Chiefs ta yi nasara 27 da 24. A watan Fabrairun 2021 suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe na gasar, Super Bowl LV. Todd Bowles, mai tsara tsaron Tampa a lokacin, mutum ne da aka sani da son farmaki, amma a ranar ya danne halinsa. Ya ajiye sefti biyu a baya kusan duk wasan, ya bar mutum huɗu su nemi kwatabak ɗin Chiefs, Patrick Mahomes. Hill ya tashi da yadi 73. Chiefs ba ta shiga gidan maki ko sau ɗaya ba, aka tashi 31 da 9. 'Yan wasan nan ba su ƙara gudu cikin wata biyu ba, inda suke tsayawa ne ya sauya.

Sai dai labarin yana da sharaɗi, kuma masu kwaikwayonsa a gem suna yawan mantawa. Chiefs ta shiga wasan babu manyan masu kare gefunan Mahomes guda biyu, Eric Fisher da Mitchell Schwartz, saboda rauni. Shi ya sa Shaquil Barrett da Jason Pierre-Paul da Ndamukong Suh suka riƙa isa gare shi ba da taimako ba. In huɗun gabanka ba sa iya takura kwatabak, komai kyan rumfarka za ta yage, domin babu tsarin yankin da ke jure daƙiƙa shida. Idan kuma kwatabak ɗin kansa mai gudu ne, irin Lamar Jackson, aiki ya ƙaru. Dole a umarci na gefuna biyu su riƙa kewayowa ta waje su killace shi, a kuma ware masa mai gadi a tsakiya. Nan ma ana tafka kuskure: a ɗora gadin a kan ƙaton mai tsaron tsakiya wanda Jackson zai bari a tsaye. Masana harkar sukan cire shi su sa sefti a gurbinsa, su shigo da masu tsaron baya biyar ko shida, su yarda za a ɗan ture su idan aka zo da ƙarfi.

Saura mutum ɗaya, wanda kai kanka kake juyawa. Goma na'ura ce ke tafiyar da su, kuma na'ura tana bin umarni ne kawai, ba ta hango abin da zai zo. Shi ya sa manyan 'yan gasa ba sa riƙe ɗan layin gaba, suna riƙe mai tsaron tsakiya ko sefti, suna shawagi. Aikinsa na farko shi ne tare mai cafkan da ke ratsa fili daga wannan gefe zuwa wancan, domin gudu a kwance yana kashe tsaron mutum-da-mutum kamar yadda gudu a miƙe ke yi. Idan kuma ƙwallo ta riga ta isa hannun mai gudu, nan Hit Stick ke zama fitina. Ka kai bangaza ka kuskure, shi ke nan. Ana nufar inda zai isa ne, a tura shi wajen layin gefe, a rungume shi a ƙasa ko da ya ƙara yadi biyu.

Kada a ɗauka ja da baya kullum shi ne magani. Akwai tsarin da ake kira Prevent, mai kwashe kusan kowa zuwa can baya, kuma wanda ya zauna a cikinsa tun zangon farko za a ci shi da gajerun jifa har gida. Hikimar barin gajeren fili tana bayyana ne idan aka iso yadi 20 na ƙarshe. Gidan maki zurfinsa yadi 10 ne kacal, saboda haka daga layin yadi 15 duk filin da ya rage 25 ne, ba inda mai gudu zai saki ƙafa. A nan mai tsaro ke matsowa ya yi abin da ya ƙi yi ɗazu. Maki uku na bugun raga maimakon shida riba ce. Maki taran Chiefs a wancan wasa duk daga ƙafar Harrison Butker suka fito. Kuma da yake zangon wasa a intanet mintuna kaɗan ne, ba 15 na zahiri ba, riƙe ƙwallo ma tsaro ne. A 2020 Raidel Brito, da aka fi sani da Joke, ya lashe gasar Madden Bowl bai yi jifa ko ɗaya ba, da mai bugun ƙafa Tress Way a matsayin kwatabak, kuma ya ci wasan ƙarshe 17 da nema.

Duk da haka akwai laifin da ke wuyan gem ɗin kansa. Yana ba gudu nauyin da ya wuce na zahiri. John Ross ya yi yadi 40 cikin daƙiƙa 4.22 a gwajin sababbin 'yan wasa na 2017, Cincinnati Bengals ta ɗauke shi a matsayi na tara, ya gama shekararsa ta farko bai cafki ƙwallo ko ɗaya ba. A fili mai cafka yana buƙatar sanin hanya, da hannu mai riƙo, da jikin da zai jure duka. A gem kuwa mai riƙe da hannu ne ke yi masa tunani, sai lambar gudu ta rage ita kaɗai tana magana. Sashen Ultimate Team, inda ake tara katunan 'yan wasa har da saye da kuɗi, ya ƙara dagula lissafi, domin katunan da ke fitowa daga baya sun fi na farko gudu. Wasu masu tsaro suka mayar da martani da nasu wayon, suna neman farmakin da ke rikita na'urar masu kariya har mutum ya wuce ba a taɓa shi ba. Wannan ba na kiransa tsaro. Yana aiki ne har ranar da kamfani ya gyara kuskuren, sannan mai shi ya wayi gari bai iya komai ba.

Dokar hana ɗaukar ƙungiya mai gudu ma ban goyi bayanta ba, ko da yake na fahimci inda ta fito a zamanin Vick, lokacin da kayan tsaro ba su cika ba. Yau sun cika. John Madden, wanda ya horar da Oakland Raiders daga 1969 zuwa 1978 ya kuma rasu a Disambar 2021, ya ƙi yarda a sa sunansa a gem ɗin sai an sa mutum 11 a kowane ɓangare, abin da ya jinkirta fitowarsa har 1988, saboda yana so ya zama abin koyon wasan gaske. Babu darasin da ya kai ƙungiya mai gudu nuna wa mutum ko ya fahimci fili ko bai fahimta ba. In abokinka ya miƙa hannu zai ɗauki ƙungiyar da ta fi kowa gudu, ƙyale shi ya ɗauka. Ka ajiye sefti biyu a sama, ka riƙe na tsakiya da kanka, ka tilasta masa tashi goma sha biyu kafin ya ga gidan maki.