Wasan da Ke Gane Duk Wanda Ya Shigo Fili

A watan Nuwamba na 2010 kamfanin Microsoft ya fito da Kinect, wata 'yar na'ura mai kyamara da ake ajiyewa gaban talabijin tare da na'urar wasa ta Xbox 360. Ba a riƙe komai a hannu. Ka ɗaga kafaɗa, hotonka a allo ya ɗaga. Ka yi tsalle, shi ma ya yi. Cikin kwana 60 aka sayar da guda miliyan 8.

Aikin da ke bayan wannan sauƙi ya cancanci a jinjina wa masu shi. Na'urar tana watsa dubban ɗigo na wani haske da ido ba ya gani, fasahar da kamfanin PrimeSense na Isra'ila ya ƙera. Ɗigon da ya sauka kan hannunka yakan ɗan goce daga inda zai sauka da a bango ne, kuma daga wannan gocewa ake lissafa nisan kowane abu a ɗaki, sau 30 a kowace daƙiƙa.

Sanin nisa ba shi ne sanin mutum ba. A Kambirij ta Ingila, Jamie Shotton da abokan aikinsa suka ciyar da kwamfuta dubban ɗaruruwan hotunan jikin ɗan Adam: dogo da gajere, mai ƙiba da siriri, a tsaye da a durƙushe, har ta koyi bambanta gwiwar hannu da kan kujera. Kinect ta farko tana gane mutum 6, tana bin gaɓoɓi 20 a jikin biyu daga cikinsu. Ta 2013 kuwa tana bin mutum 6 lokaci guda, kowanne da gaɓoɓi 25.

Inda gwanintar ta fi burge ni shi ne yadda ake mu'amala da taro. Wanda ya taɓa tsayawa a dandali ya san makaɗi nagari ba ya tambayar wa ke rawa, wa ke kallo. Da ya ga ƙafar wata ta fara motsi a gefe, sai ya karkata gangarsa wajenta. Abin da Tim Schafer na kamfanin Double Fine ya nema ke nan a wasansa na Kinect mai suna Happy Action Theater na 2012. Babu jerin umarni, babu faɗuwa. Allon yana nuna ɗakinku ya cika da balan-balan ko narkakken dutse mai wuta. Yaro ya ratsa da gudu, wasan ya karɓe shi nan take. Kaka ta zauna shiru, tantabaru su sauko mata a kafaɗa. Wanda ya gaji ya fita, wasan bai tsaya ba.

Kafin hakan ta yiwu, dole mai tsara wasa ya hango rikicin gida tun kafin ya faru: wani ya tare wa wani kyamara, biyu sun rungumi juna, ƙarami ya ɓuya bayan babba. Kowanne sai ya tanadar masa amsa mai daɗi.

Microsoft ya daina ƙera Kinect a 2017, amma Apple ya sayi PrimeSense tun 2013, kuma irin wannan ɗigon haske ne ke gane fuska a wayoyin iPhone. Matasanmu masu koyon rubuta manhaja sun tashi cikin gaɗa da langa da kokawa, inda 'yan kallo ke ɗaukar rabin wasa. Sun riga sun san abin da injiniyoyin nan suka shafe shekaru suna koya wa na'ura, saura su gina a kansa.