Jinjina ga Masu Biskit Ɗin 4 ga Yuli

A Amurka, idan 4 ga Yuli ta ƙarato, ranar tunawa da shelar 'yancin kai ta 1776, wasu a kicin suke raba dare saboda biskit ɗin sukari. Kwaɓin fulawa da bota da ƙwai sai ya huta a firji, in ba haka ba tauraron da aka yanka ya baje wajen gashi.

Ado ne ainihin wahalar. A buga farin ƙwai da garin sukari, a zana iyaka da mai kauri, a cika tsakiya da mai ruwa-ruwa, ja da fari da shuɗi, a fasa kumfa da tsinken sakace. Ga laimar Yuli mai hana bushewa! Sannunku da haƙuri, gwanaye.