Kukan Da Bombay Ya Sa Mu

'Yan'uwana mata, na san da yawanku kun kalli Bombay, fim ɗin Mani Ratnam na 1995, kun sha kuka lokacin da tagwayen nan suka ɓace cikin tarzoma. Ni ma na yi, har da sheshsheƙa. Amma da na share hawaye sai raina ya ƙi kwanciya.

Fim ɗin ya raba laifi daidai wa daida, wai Hindu da Musulmi kowa ya yi ɓarna, a ƙarshe aka riƙe hannun juna, shi ke nan. To ai ba haka lissafin yake ba. Bayan rushe masallacin Babri a Ayodhya ranar 6 ga Disamba 1992, kimanin mutum 900 aka kashe a Bombay, 575 Musulmi ne, alhali su ne tsiraru a garin. Rahoton Alƙali Srikrishna na 1998 ya ɗora wa jam'iyyar Shiv Sena babban alhaki, har da wasu 'yan sanda.

Sai wurin da ya fi ci mini rai. Shaila Banu na gudu zuwa ga Shekhar, mayafinta ya maƙale, ta bar shi ta wuce, kiɗan Rahman na tashi. Shi Shekhar ɗin me ya cire?