Kuɗi Biyu a Hannun Mai POS

Ranar kasuwar Sara, a ƙaramar hukumar Gwaram, kafin motocin hatsi su fara sauke buhuna, mai POS ya riga ya kafa laimarsa. Kayan aikinsa ba yawa: teburi, benci, jaka rataye a wuya, littafi da biro, sai 'yar shuɗiyar na'ura. Masu wucewa na ganin aikin nasa danne-danne ne kawai. Ni kuwa duk lokacin da na zauna kusa da gwani a cikinsu, 'yan canjin Wapa nake tunawa, don lissafin da ke kansa bai gaza nasu ba.

Kuɗi iri biyu yake juyawa: tsaba a jaka, da wanda ke cikin asusun na'ura. Idan manomi ya zo cire dubu 50, jaka ta ragu, asusu ya ƙaru. Idan mai shago ya kawo tsaba a tura wa ubangidansa a Kantin Kwari, jaka ta cika, asusu ya ragu. Duk ɓangaren da ya ƙafe, ciniki ya tsaya, ko da ɗayan ya cika maƙil. Gwanintar ita ce kada a bari ɗaya ya ƙafe, a garin da zuwa banki kan cinye wa mutum rabin yini.

Don haka gwani ba ya jiran banki. Ya san gidan man da ke tara tsaba kafin azahar, ya san mai sayar da taki da ba ya son kwana da kuɗi a shago. Sai ya karɓi tsabarsu ya tura musu ta asusu, kowa ya huta. Ya kuma san yanayi kamar manomi. Da kaka, masu sayen riɗi da zoɓo kan zo daga Dawanau da kuɗi a waya, alhali mai kaya ba ya sakin buhu sai ya ƙirga da yatsunsa; ranar nan tsaba ce sarauniya. A Birnin Kudu kuwa ƙarshen wata ne ruwan kasuwa, lokacin da albashin malaman makaranta da na ma'aikatan Asibitin Tarayya ya shigo. Jajibirin Sallah ba a ma maganarsa.

Na'urar da ke hannunsa tana da nata tarihin. A 2002 Mitchell Elegbe ya kafa Interswitch, kamfanin da ya haɗa bankunan Najeriya ta yadda katin wannan banki zai yi aiki a injin wancan. A 2013 Babban Bankin Najeriya ya fitar da ƙa'idojin da suka ba wakilai damar yi wa jama'a hidimar banki a shago ko a bakin titi. Wani tsohon ma'aikacin Interswitch, Tosin Eniolorunda, shi da Felix Ike suka kafa TeamApt a Legas a 2015, suna rubuta wa bankuna manhaja. A 2019 suka juya ga talaka kai tsaye, suka fito da Moniepoint, suna raba na'urori ga ƙananan wakilai. OPay da PalmPay ma a wannan tsakanin suka shigo fagen. Sunan na'urar ya danne na TeamApt har aka sauya wa kamfanin suna zuwa Moniepoint a 2023, kuma a Oktoban 2024 ya samu jarin dala miliyan 110, har da na Google a ciki, darajarsa ta kai dala biliyan 1.

Amma abin da ya cusa POS cikin kowane lungu shi ne canjin kuɗi na zamanin Godwin Emefiele a Babban Bankin. Farkon 2023 takardun 200 da 500 da 1,000 suka yi ɓatan dabo, har sai da Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin. A watannin nan mai shayi da mai nama suka koyi karɓar taransifa dole. A nan ne kuma aka gane halin masu sana'ar. Cajin da aka saba, naira 100 a kan 5,000, wasu suka ninka shi ba tausayi. Waɗanda suka sassauta wa maƙwabta a lokacin, har yau layinsu ya fi tsawo, don mutanen karkara ba sa mantuwa.

Inda na fi jinjina wa mai POS shi ne ranar da sabis ya yi gardama. An cire wa dattijo kuɗi, na'ura ta ce bai shiga ba, ga shi kuɗin maganin iyali ya zo cirewa. Gwani ba ya ɗaga murya. Zai ce, "Baba, yi haƙuri, riƙe wannan risitin, kuɗinka za su dawo." Ya rubuta lokaci da adadi a littafi, ya gwada wata na'urar mai layin wani kamfani. Idan ya san gidan dattijon, sau da yawa yakan ba shi daga jaka, a yi lissafi in kuɗin sun dawo. Mai nuna masa saƙon shigar kuɗi a fuskar waya kuwa, komai girman rigarsa, amsa ɗaya ce: "Alhaji, bari in gani a nawa." Saƙon bogi ya karya jarin samari da yawa. Jabun dubu ɗaya ma yatsansa ne ke ganewa kafin idonsa.

Sai kuma tsohuwar da ɗanta ke turo mata kuɗi daga Legas, ta miƙo kati tare da lambar sirri a rubuce a guntuwar takarda. Ya danna, ya ƙirga mata sau biyu a gabanta, ya naɗe takardar ya mayar. "Inna, ki daina nuna wa kowa wannan." Bayan isha'i, da kasuwa ta watse, yana nan da tocila yana haɗa jaka da asusu da littafi, kuma ba ya naɗe laima sai ukun sun faɗi abu ɗaya.