Ba Duka Ba Ne Ingila: Bitar Littafin Linda Colley

Mu Hausawa mun saba kiran Birtaniya gaba ɗayanta Ingila, mu ce Sarauniyar Ingila, mu ce kuɗin Ingila. Wanda ya karanta Acts of Union and Disunion na Farfesa Linda Colley zai gane dalilin da zai sa mutumin Sikotilan ya ɓata rai idan ya ji mu.

Littafin ya fito a farkon 2014, watanni kaɗan kafin ƙuri'ar raba gardama ta watan Satumba, inda kashi 55 cikin 100 na masu zaɓe a Sikotilan suka ƙi ɓallewa daga Birtaniya. Asalinsa jawabai 15 ne da ta gabatar a gidan rediyon BBC, kuma ana jin haka a rubutun. Babobin gajeru ne, kowanne za ka iya gama shi kafin shayinka ya huce.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ta nuna cewa dokokin majalisa ne suka ɗinke Birtaniya, ƙyalle bayan ƙyalle. An haɗe Wales da Ingila a 1536 da 1543. A 1707 majalisar Sikotilan ta amince da haɗewa, ta rufe ƙofarta, wakilanta suka koma Landan. Ailan ta shigo a 1801, bayan tawayen da aka yi a can a 1798, ana tsakiyar yaƙi da Faransa, sannan mafi yawanta ta fice a 1922. A nan Colley ta kawo hujjarta mafi ƙarfi: tsoron abokin gaba ne ya riƙa matse waɗannan al'ummu wuri guda, da zaman lafiya ya daɗe sai ɗinkin ya fara saki. Na jima ina juya wannan magana a raina.

Ba ta kauce wa matsalar Ingila kanta ba. Tun ƙarshen shekarun 1990 Sikotilan da Wales da ɓangaren Ailan da ya rage ke da majalisunsu a Edinbara da Kadif da Belfas, amma Ingila, mai fiye da kashi huɗu cikin biyar na jama'a, ba ta da tata sai majalisar ƙasa ta Westminster, inda ɗan majalisa daga Gilasgo ta Sikotilan ke jefa ƙuri'a kan makarantun Ingila alhali na mazaɓarsa sun fi ƙarfinsa. Shawarar Colley ita ce a ba Ingila majalisa, a koma tsarin tarayya, a rubuta kundin tsarin mulki.

Inda na so ƙari shi ne batun tsibiran Jersey da Guernsey da Man. Ba sa cikin Haɗaɗɗiyar Daular Birtaniya, ba su da kujera ko ɗaya a Westminster, suna da majalisunsu irin su Tynwald ta Man, amma tsaronsu da hulɗarsu da ƙasashen waje na hannun Landan. Wannan dangantaka ta cancanci babi sukutum, kuma alƙalamin Colley zai iya.