Jinjina Ga Masu Ƙera Wasan Da Ke Auna Zuciya

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari a shekarun 'yan bindiga ya san shirun da ke sauka cikin mota idan an shiga daji. Fasinjoji sai salati, kowa na tambayar ransa: in an tare mu, zan tsere ne ko zan tsaya wa ɗan'uwana?

Shi ya sa nake jinjina wa ƙananan kamfanonin da ke ƙera wasannin kwamfuta masu tada hankali, waɗanda suka ɗora tsoro a kan zaɓin mutum. Dubi This War of Mine, na kamfanin 11 bit studios da ke Poland, wanda ya fito a 2014 bisa ƙawanyar da aka yi wa Sarajevo. A cikin wasan, farar hula kake, abokinka na kwance ba magani. Ga gidan wasu tsofaffi biyu da magani a ciki. Ka ɗauka, tsohon na bin ka yana roƙo. Ka koma maɓoya, baƙin ciki ya kwantar da mutanenka.

Madalla da masu wannan sana'a. Sun tuna mana cewa ko cikin tsananin tsoro, abin da mutum ya shuka shi zai girba.