A Bar Yara Su Taɓa Yumɓu Kafin A Ba Su Labarin Dainaso

Wasu malaman firamare sun ɓullo da wata dabara da nake goyon baya da zuciya ɗaya. Maimakon su rubuta ma'anar burbushin halittu a allo yara su haddace, sai su shigo aji da yumɓu. Kowane yaro ya mulmula nasa, ya danna ganye ko ƙumba ko ƙashin kifi a kai, ya zare, sannan ya zuba kwaɓaɓɓen garin filasta irin na masu silin a gurbin. Idan ya bushe aka ɓare yumɓun, sai ga siffar ƙashin ta fito tsaf. Da hannunsa yaro ya gane yadda halitta ke ruɓewa cikin laka ta bar gurbinta, ma'adinai su cike wurin. Kuma yaranmu ba baƙin yumɓu ba ne, tun suna ƙanana suke gina shanu da shi a bakin kududdufi.

Inda nake da ƙorafi shi ne, da an gama sai a ɗauko hoton dainaso Tyrannosaurus na Arewacin Amurka a manna a bango, kamar ƙasarmu ba ta da abin nunawa. Alhali a Gadufawa, cikin hamadar Tenere ta jihar Agadas, aka tono Nigersaurus, dabba mai faffaɗan baki da haƙora fiye da 500, wadda masanin burbushin halittu Paul Sereno ya raɗa wa suna a 1999. Ta rayu shekaru wajen miliyan 110 da suka wuce, lokacin da wurin yake cike da koguna. A can ne kuma aka samu Sarcosuchus, kada mai tsawon fiye da mita 9. Gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai yana da ƙasusuwan dainaso da kowa zai iya zuwa ya gani.

Yaron Sakkwato ma ba sai ya je nesa ba. Teku ya taɓa mamaye yankin. Goronyosaurus, wata dabbar ruwa mai kama da ƙadangare, daga Goronyo ta samo sunanta, kuma dutsen farar ƙasa na Kalambaina da ake yin siminti da shi yana ɗauke da bawon halittun teku. Ka faɗa wa ɗan aji huɗu cewa gonar kakansa ta taɓa zama ƙarƙashin teku, ka ga tambayoyin da za su biyo baya.

Abu ɗaya yumɓu ba ya koyarwa, wato daɗewar zamani. Yaro na iya ɗauka yini guda ya isa ƙashi ya zama dutse. Don haka malam ya ƙara da gorar roba: a zuba yashi, a sa ƙumba, a bi da laka, a sake zuba yashi hawa-hawa, sannan a tambayi yara wanne ya riga shiga, na ƙasa ko na sama.